Zoben Robar Märklin 7154 da 7153: Abin da Suka Yi wa Tsofaffin Jiragena

Duk mai tsohon jirgin ƙasa na wasa ƙirar Märklin, in ya ga kan jirgin ya tsaya a gindin hawa yana gurnani, ƙafafu na juyawa amma taragai ko gezau, to kada ya yi saurin ɗora wa inji ko taransifomar da ke ba layi wuta laifi. Ya kife jirgin ya dubi ƙafafun baya tukuna. Galibi matsalar ba ta wuce wani siririn zoben roba da ke kwance cikin kwarmin ƙafar ba, wanda ko ya bushe, ko ya saki, ko ya tsinke ya faɗi ba a sani ba. A kan wannan zoben nake son yin magana, domin a cikin duk kayan gyaran da na saya wa jiragena babu wanda ya kai shi araha, babu kuma wanda ya kai shi sauya tafiyar jirgi. Hukuncina tun daga farko shi ne a sayi na asali, mai lambar da ta dace da jirgin, a bar 'yan dabaru.

Kawunan jirgi biyu ne a hannuna, duka na kawuna ne da ya yi karatu a Jamus ya dawo da su cikin akwati. Na farko shi ne ɗan ƙaramin baƙin nan mai lamba 3000, kwaikwayon jirgin gawayi na Jamus ajin 89, mai ƙafa shida. Kamfanin Märklin, wanda ke garin Göppingen tun 1859, ya fara fitar da wannan ƙirar a 1953 da sunan CM 800, kuma da ita yaran Jamus da yawa suka fara wasan jirgi. Na biyun mai lamba 3003 ne, ajin 24, wanda ke jan taragon gawayinsa a baya. Dukansu a ma'aunin H0 suke, wato an rage girman jirgin gaske sau 87, faɗin layinsu kuma milimita 16.5. Ƙaramin zobe mai lamba 7154 yake ɗauka, babban kuma 7153. Manyan jiragen gawayi masu dogayen ƙafafu, irin 3048, nasu 7152 ne. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin kowane jirgi tana ɗauke da lambar zobensa, don haka wanda ya gaji jirgi da kwalinsa kada ya yar da wannan takarda komai tsufanta.

Dalilin sa roba a ƙafar jirgin wasa a fili yake. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, kuma abin da kan jirgi zai iya ja ya dogara ne da nauyin da ke danne ƙafafunsa. Jirgin gaske yana da nauyin tan-tan masu yawa, duk da haka yana ɗauke da akwatin yashi, direba na zuba wa dogo yashin a gaban ƙafafu in ana ruwa ko an zo hawa. Na wasa kuwa ɗan abin da za ka ɗora a tafin hannu ne, ga kwana mai tsanani da babu irinta a layin gaske, ga hawan da ake tilasta masa saboda ƙarancin fili a ɗaki. Kamfanin Lionel na Amurka ya bi ta hanyar maganaɗisu tun wajen 1950, yana sa ƙafafun jirgi su manne wa dogon ƙarfe. Kamfanonin Turai da yawa kuwa roba suka zaɓa: a fafe ɗan kwarmi a zagayen ƙafa, a kwantar da zobe a ciki.

Zoben na zuwa goma-goma a ƙunshi. In ka zazzage su a tafin hannu ba za ka ce wani abin kirki ba ne, 'yan baƙaƙen da'irori marasa nauyi da iskar fanka za ta iya kwashewa. Sai ka ɗauki ɗaya ka duba shi da kyau a haske za ka gane inda aikin yake. Ba mulmulalle ba ne, shimfiɗaɗɗe ne, fuskarsa a baje take, gefensa a yanke tsaf, kaurinsa ɗaya ne ko'ina. Ya kuma ɗan fi ƙafar ƙanƙanta, da gangan, don ya kama ta da kansa ba tare da gam ba. In ya zauna a kwarminsa, samansa na daidaita da fuskar ƙafar, ba ya tudu ba ya rami. Na jera na ƙunshi guda a kan farar takarda na gwada su da juna, ban ga wanda ya fi wani kauri ko faɗi ba. Wannan daidaiton shi ne ainihin abin da ake biya, ya fi ƙarfin kamun robar muhimmanci, kuma zan dawo kansa.

Sa shi yana son natsuwa, musamman a jirgin gawayi, saboda sandar ƙarfen da ke gefen ƙafafu ta tare hanya. Dole a kwance ɗan ƙaramin noti mai kusurwa shida da ke riƙe ta a jikin ƙafar, kuma sifanar da za ta kama shi ba a kowane gida take ba. Ni wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwarmu na kai su. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburinsa, ya kwantar da ƙaramin jirgin rigingine a kan soso, ya maƙala gilashinsa a ido. Da ya kwance notin, cikin murfin kwalba ya jefa shi kafin ya taɓa komai. Tsohon zoben ya riga ya zama kamar busasshen ƙaro, da ya sa bakin allura ya ɗaga shi sai ya karye gida uku. Na miƙa masa sabo, sai ya ture hannuna.

"Dakata, ɗana. Ka ga wannan baƙin abin da ke cikin kwarmin? In ka ɗora sabo a kansa, gefe ɗaya zai fi gefe tudu."

"To Baba, da me za a fitar da shi? Kada a karce ƙafar."

"Tsinken sakace. Itace ba ya cin ƙarfe."

Haka ya bi kwarmin da tsinke yana juya ƙafar a hankali da babban yatsa, dattin na fitowa gari-gari, tsohon mai da ƙura da ragowar roba. Ya goge da auduga mai ɗan sifirit, ya bari ya bushe. Sabon zoben ya tsoma shi cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci don ya yi laushi, ya tsane shi, ya maƙala gefe ɗaya a kwarmi ya danne da yatsa, sannan ya zura tsinken ta ƙarƙashi ya zagaya da shi har zoben ya faɗa mazauninsa. Bai tsaya nan ba. Ya sake zagayawa da tsinken sau ɗaya tsakanin roba da ƙarfe, don jan ya rarrabu daidai ko'ina, kada wani wuri ya miƙe ya sirance wani ya tattare. A ƙarshe ya bi samansa da farce yana neman inda ya murɗe ko ya hau baki. Wanda zai yi wannan aiki a gida, matakan nan biyu na ƙarshe su ne ba a tsallakewa. Kuma a canja na ƙafafu biyun tare, ko da ɗaya ne ya lalace, domin sabo da tsoho ba sa kamu iri ɗaya.

Bambancin ya bayyana tun zagayen farko. Ɗan 3000 ɗin, wanda a da yake tsayawa yana ƙwaƙular dogo da zarar ya shiga kwanar da ke kan hawa, sai ga shi ya haye da jerin taragansa na gwangwani masu nauyi ba tare da na ƙara wuta ba. Abin da ya fi faranta mini rai ma ba ƙarfin jan ba ne, tashinsa ne. A da sai na murɗa taransifoma sosai, ƙafafu su yi ta zamewa, sannan ya fizgi taragai gaba ɗaya. Yanzu yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kana jin maƙalan suna miƙewa ƙas, ƙas, ƙas har zuwa na ƙarshe. Ƙarar tafiyarsa ma ta ragu, duk da dai tsohon layin gwangwani ba ya rabuwa da amo. Na 3003 shi ma haka, sai dai shi dama rangaji ne ciwonsa, saboda zobe ɗaya ya saki yana yawo a kwarmi, kuma rangajin ya tafi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na nace a kan na asali. Wanda ke nesa da shagunan Turai dole zuciyarsa ta raya masa dabara, kuma dabarun suna da yawa: robar kitso ƙanana, robar da likitocin haƙori ke sa wa masu wayar gyaran haƙora, zoben kafireto daga wurin makanikai, ko a yanko bakin tiyo. Kowannensu zai shiga ƙafar, wasu ma za su ja taragai na 'yan kwanaki. Amma zoben makanikai mulmulalle ne, yana fitowa sama da kwarmi, sai ya ɗaga ƙafar daga dogo. Leɓen ƙafa, wanda shi ke hana jirgi sauka daga layi, ɗan kaɗan ne dama, in roba ta cinye rabinsa to a mararraba ta farko jirgi zai kauce. Ban da haka, ƙafafun jirgin gawayi a haɗe suke, dole su juya tare. In biyu sun fi sauran faɗi saboda kaurin roba, sai su riƙa neman yin gaba su bar 'yan'uwansu, jirgi na tafiya yana gyaɗa kai, haƙoran giya na cin wahala a banza. Robar kitso da ta haƙori kuwa ba sa jure mai da zafi, nan da nan suke yin danƙo su narke a kwarmi.

Na kuma sayi wani ƙunshi mai gauraye girma daga wani mai sayarwa a intanet, marar suna marar lamba, wanda aka ce yana shiga kowane jirgin H0. Araha ba ta ado. A cikin waɗanda suka yi kusa da girman ƙafar ɗan 3000, wani ya fi kwarmin faɗi har gefensa ya hau baki, wani kuma kaurinsa ba ɗaya ba ne, gefe guda na da ɗan tudu inda aka yanke shi. Da na sa mai tudun, jirgin na ɗingishi sau ɗaya a kowane juyin ƙafa, fitilarsa ta gaba na rawa a jikin bango. Wanda ya zauna daidai a cikinsu kuma bai daɗe ba ya saki. Babu wani zobe da ke shiga kowane jirgi, domin kowane kamfani da faɗin kwarminsa da zurfinsa. Mai jirgin Roco ya nemi na Roco, mai Fleischmann ko Piko ko Hornby ya nemi nasu, da lambar jirginsa a hannu.

Akwai wani ruwan roba kore da ake yi a Amurka mai suna Bullfrog Snot, ana shafa shi a ƙafa tana juyawa, ya bushe ya zama siririyar fata mai kamu. Amfaninsa na ga jirgin da aka daina yin zobensa, ko ƙafar da ba ta da kwarmi. Inda zoben asali yake samuwa, ban ga dalilin barinsa ba. Abin da dai ba a yi shi ne tuƙa jirgi da kwarmi fayau babu komai a ciki. Bakunan kwarmin ne za su riƙa hawa dogo, su ci kansu, su karce layi, jirgin kuma ya karkace.

Kada a ɗauka roba ba ta da nata kuɗin fito. Ba ta wuce da wuta. Duk ƙafar da aka sa wa zobe ta kusa fita daga aikin lantarki, sai ɗan abin da leɓenta ya taɓa. A tsarin Märklin abin da sauƙi, domin wuta na shigowa ne ta wani siririn ƙarfe da ke ƙarƙashin cikin jirgi yana gogar ƙusoshin da aka jera a tsakiyar layi, sannan ta koma ta ƙafafu zuwa dogayen gefe biyu, waɗanda duka hanya ɗaya ce. Ɗan 3000 na da ƙafa shida, biyu na da roba, saura huɗu suna mayar da wuta ta kowane gefe. A jiragen da ke aiki da dogo biyu kawai, ɗaya na kawowa ɗaya na mayarwa, kowace ƙafa mai roba asara ce ga gefenta, shi ya sa ƙananan jirage ke yawan mutuwa a kan mararraba. Wannan ne ya sa wasu masu wannan sha'awa, musamman a Ingila da Amurka, suka tsani zoben roba, suka fi son a ƙara wa jirgi nauyi a bar ƙafafunsa ƙarfe zalla. Ina ganin hujjarsu a nasu tsarin. Amma jirgin da aka ƙera da kwarmi an riga an yanke masa hukunci tun daga masana'anta, abin da ya rage wa mai shi kawai shi ne ya tsabtace sauran ƙafafun sosai, tunda su kaɗai ke ɗauke da wutar.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, kuma ba a cika faɗarsa ba. Zamewar ƙafa kariya ce ga inji. In kaya sun fi ƙarfin jirgi marar roba, ƙafafunsa za su yi ta juyawa a wuri ɗaya, injin bai tsaya ba. In kuwa sabuwar roba ta kama dogo gam, kaya kuma suka yi yawa, injin ne zai tsaya cik alhali wuta na shiga, wayoyinsa su yi zafi, in aka daɗe su ƙone. Don haka bayan sa sabon zobe nakan riƙe taragon ƙarshe da yatsu biyu in ba da wuta kaɗan. In ƙafafu sun iya zamewa, lafiya. In na ji gurnani babu juyi, sai in yanke wuta nan take in rage taragai. Wanda ya ga jirginsa ya samu sabon ƙarfi ya ce bari ya jera masa duk taragan gidan, inji zai saya nan gaba, kuma injin ba goma-goma ake sayar da shi ba.

Haka nan zobe ba ya gyara hawan da aka gina ba daidai ba. Hawan da ya dace da waɗannan jirage shi ne wajen kashi 3 cikin 100, wato layi ya tashi santimita 3 a kowace mita. In ana son layi ya haye ta saman wani, ana bukatar tashi na kusan santimita 8, kenan sai an ba hawan tsawon da ya haura mita biyu da rabi. Mutane kan matse wannan cikin mita ɗaya saboda falankin da suke da shi ƙarami ne, sannan su ce roba ba ta da kyau. In kuma hawan ya faɗo a kan ƙaramar kwanar Märklin mai milimita 360 daga tsakiya, jan na ƙaruwa sosai, domin leɓunan taragai na gogar dogo. A irin wannan wuri ne zobe ke miƙewa ya fita daga kwarmi, komai ingancinsa.

Game da daɗewa, abokan gabar roba uku ne a wurinmu: mai, zafi da ƙura. Mai shi ne babba. Ɗigo ɗaya da ya wuce kima a giya zai gangaro ya sami zoben, robar ta sha ta kumbura ta saki. Da bakin allura ake ɗiga wa waɗannan jirage mai, kuma dogo ba a shafa masa ko kaɗan. Zafin Maris da Afrilu, musamman a ɗaki mai rufin kwano, yana busar da roba da sauri fiye da yadda masu ita a Jamus suka saba gani, don haka kada a yi mamaki in an riƙa canji akai-akai. Ƙurar hunturu kuma tana manne wa fuskar zoben ta yi masa wata sulɓin fata mai ƙyalli, sai jirgi ya fara zamewa alhali zoben lafiyarsa ƙalau. Kafin a cire shi a jefar, a goge shi da ɗan ƙyalle mai laima, a goge dogo, a sake gwadawa. Sau da yawa kamun na dawowa. Sifirit na da kyau ga dogo da ƙafafun ƙarfe, amma ba na yawan kai shi kan robar, kananzir da fetur kuwa ko kusa.

Ragowar zoben da ba a sa ba su ma suna tsufa a ajiye. Nawa suna cikin ƙaramar leda mai zif, na matse iskar, na sa cikin gwangwani mai murfi a ƙasan durowa inda rana ba ta kaiwa, kowace leda da lambarta a rubuce a jiki, domin 7153 da 7154 in suka gauraya sai an sha wahalar rarrabe su da ido.

Yara na gidan nan na koya musu abu ɗaya kafin in bar su su taɓa taransifoma: ba a tura kan jirgi da hannu a kan layi. Ƙafafunsa a haɗe suke da giya, ba sa juyawa da sauƙi, don haka in aka tura shi robar ce ke gurzar dogo, ta miƙe ko ta fice. Taragai a tura su yadda ake so, kan jirgi kuwa a ɗaga shi a ajiye.

Kuɗin ƙunshi guda 'yan Yuro kaɗan ne, kuɗin aikowa daga Turai ya fi na kayan nesa ba kusa ba. Abin da ya fi shi ne a jira mai zuwa daga can, ko a haɗa oda ɗaya da sauran abubuwan da ke cinyewa a jikin waɗannan tsofaffin jirage, wato burushin gawayi da ke kai wuta cikin inji, ƙarfen gogar ƙusoshin tsakiya, da ƙwan fitila. Ƙunshi ɗaya na kowace lamba ya isa, tunda canji biyar ne ga jirgi mai zobe biyu, kuma tara da yawa a wannan zafin namu ba riba ba ce. Wanda bai da takardar jirginsa, ya nemo lambar ƙirar tukuna, ya tabbatar da zoben da ta ɗauka a jerin kayan gyaran kamfanin kafin ya tura kuɗi.